Yadda Ake Zaɓar Matatar Ruwa Ta Tafkin Kifin Koi Da Kula Da Ita A Damagaram

Mafi yawan waɗanda suke fara ajiye kifin koi a gidajensu a nan Damagaram sun taɓa kiwon tarwada, ko kuma sun ga yadda ake kiwonta, saboda haka sai su ɗauki dabarar da suka sani su ɗora wa wannan kifi: a zuba abinci, a bar ruwa har ya fara wari, sannan a zubar da shi gaba ɗaya a cika sabo. Tarwada tana jure wannan domin tana da hanyar shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa, koi kuwa ba shi da ita. Manoman shinkafa na yankin Nigata a ƙasar Japan ne suka fara zaɓar masu launi daga cikin kifayen da suke kiwo tun farkon ƙarni na 19, sauran jama'ar ƙasar ba su san shi sosai ba sai bayan bajekolin da aka yi a Tokiyo a 1914. Wato kifi ne da ya fito daga ƙasar dusar ƙanƙara da yalwar ruwa, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 25, yana iya wuce santimita 60 a tsawo, yana kuma iya yin shekara 25 ko fiye idan ya samu kulawa. Ba shi da tumbi irin na sauran dabbobi, abinci ba ya daɗewa a cikinsa, shi ya sa yake yawan ci yake kuma yawan kashi.

Mu kuma garinmu a kan dutse yake, ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata na mayar da hedkwatar mulkin mallaka daga nan zuwa Yamai a 1926. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma a lokacin ne aka fi samun yankewar wuta. Duk wanda zai zaɓi matata a nan, da waɗannan abubuwa zai auna ta, ba da hoton da ke jikin kwali ba.

Aikin da matata take yi

Aiki biyu ne, kuma mutane sun fi sanin na farko, wato cire dattin da ido yake gani: kashin kifi, ragowar abinci, ganyen dogon yaro da ƙurar hunturu. Na biyun shi ne wanda ran kifi ya rataya a kansa. Koi yana fitar da sinadarin amoniya ta jajayen sassan nan na gefen kansa da yake numfashi da su, kashinsa ma idan ya ruɓe amoniya yake zama. Ba ta da launi, kuma babu ragar da za ta tare ta. Ƙwayoyin bakteriya ne suke cinye ta: wani rukuni da ake kira Nitrosomonas yana mayar da ita nitirit, wanda shi ma guba ne domin yana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin, sannan wani rukunin, irin su Nitrospira, ya mayar da nitirit ya zama nitirat, wanda kifi yake jurewa har sai ya taru da yawa. Waɗannan ƙwayoyi ba yawo suke yi a cikin ruwa ba, maƙalewa suke yi a jikin abu, suna buƙatar ruwa mai gudana da iska dare da rana. Saboda haka mai tafkin koi dabbobi iri biyu yake kiwo, na gani da na ɓoye, kuma idan na ɓoyen suka mutu, na ganin ba sa daɗewa. Ruwa yana iya yin garau har a ga ƙasan tafki alhali yana cike da guba, kamar yadda yake iya yin kore shar kifi kuma yana cikin ƙoshin lafiya.

Lissafi kafin sayayya

A fara da sanin yawan ruwan. Tafki mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2 da zurfin mita 1.5 yana ɗaukar lita 9,000. Ban ba da shawarar zurfin da bai kai mita 1.2 ba, domin ruwa marar zurfi yana ɗumama da rana ya huce da dare, kuma wannan hawa da sauka yana gajiyar da kifi. Ƙa'idar da masu kiwo suka saba bi ita ce lita 1,000 ga kowane babban kifi guda, wato wannan tafki na kifi takwas ne ko tara, ko da kuwa ranar da aka kawo su ba su fi yatsa ba. Da girman da za su yi nan da shekara uku ake lissafi.

Abin da ya fi girman tafki muhimmanci wajen auna matata shi ne abincin da ake zubawa. Kifi takwas masu kilo ɗaya-ɗaya, idan ana ba su kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsu, suna cin giram 80 zuwa 160 a rana. Kowane giram 100 na abinci mai furotin kashi 35 cikin 100 yana haifar da kusan giram 3 na amoniya, kuma dole ne matata ta cinye wannan a ranar, domin gobe wata tana tafe. Haka kuma ana so duk ruwan tafkin ya ratsa matata sau ɗaya cikin awa ɗaya zuwa biyu, wato injin da yake tura lita 6,000 a awa ya wadatar da tafkin da muka misalta. Sai dai adadin da aka rubuta a jikin inji na lokacin da ba ya ɗaga ruwa sama ne, kowane tsayi da kowace kwana ta tiyo suna rage shi, don haka a sayi wanda ya ɗara abin da ake buƙata.

Wace iri za a ɗauka

Akwai ƙananan matatu na roba masu murfi a rufe, waɗanda ake kawowa daga Kano ko Yamai, da soso da fitila a ciki. Idan an rubuta lita 10,000 a jikinsu, ana nufin tafkin furanni ne da ƴan ƙananan kifaye, ga koi kuwa kada a ɗauke su a kan fiye da rubu'in wannan adadi. Babban aibinsu a wurinmu shi ne, da an ɗauke wuta iskar da ke ciki takan ƙare cikin ƴan awanni, ƙwayoyin su fara mutuwa. Matatar yashi ta wurin ninƙaya ma ba ta dace ba, domin kashin kifi yana dunƙule yashin cikin kwanaki kaɗan, tana son inji mai cin wuta, wanke ta kuma yana cinye ruwa mai yawa. Akwai kuma ta zamani mai ganga mai juyawa, wadda ragarta take tare duk dattin da ya fi mikiron 60 ko 70 girma (mikiron 1,000 ne milimita ɗaya), tana kuma wanke kanta. Babu shakka aikinta ya fi na kowa kyau, amma tana da na'urar lantarki mai laushi, kuma ranar da wani abu ya ƙone a cikinta ba a kasuwar Dole za a samo madadinsa ba.

A ganina abin da ya dace da mu shi ne matata buɗaɗɗiya mai ɗakuna a jere, wadda magini da mai gyaran famfo na unguwa za su iya haɗawa su kuma gyara. Ana gina ta a gefen tafki, a nutsar da ita yadda saman ruwanta zai yi daidai da na tafkin. Daga tsakiyar ƙasan tafki, inda aka karkato da daɓe, ana jawo tiyo mai faɗin milimita 110 zuwa ɗaki na farko, ruwa ya taho da kansa ba tare da inji ba. Injin yana zama a ɗaki na ƙarshe, inda ruwa ya riga ya tsarkaka, ya mayar da shi tafki. Amfanin wannan tsari biyu ne: injin ba ya niƙa kashin kifi ya mayar da shi gari wanda ba ya tatuwa, sannan ɗaga ruwan da yake yi kaɗan ne, don haka mai wat 50 ma ya isa. Jimillar ɗakunan kada ta gaza kashi ɗaya cikin goma na ruwan tafki.

Ɗaki na farko ya zama kewayayye kamar rijiya, faɗinsa kusan mita ɗaya, ƙasansa a tsuke kamar mazurari, da makulli a can ƙasa. Ruwa ya shigo ta gefe domin ya riƙa zagayawa a hankali, datti mai nauyi ya kwanta a tsakiya, ruwan sama ya wuce gaba. Sauran ɗakunan ana iya yin su da shuɗin duron roba mai lita 200, wanda muke kira tano, a haɗa su da tiyo mai faɗi iri ɗaya da na farko. A tabbatar da abin da tanon ya taɓa ɗauka, wanda aka zuba maganin ƙwari ko man inji a cikinsa ba ya wankuwa. A tano na farko ana cusa burushi masu tsawo ko tsohuwar ragar kamun kifi domin tare ƙananan datti. Na biyu da na uku su ne gidan bakteriya. Duk ƙoƙarin da ake yi a ɗakunan farko domin kada laka ta iso nan ne, saboda idan ta lulluɓe ƙwayoyin takan toshe musu iska.

Abin da ake zubawa a gidan bakteriya shi ne duk wani abu mai yawan lungu da saƙo wanda ba ya ruɓewa. Mafi kyau su ne ƴan ƙananan robobin nan masu kama da taliyar da aka yayyanka, da ake kira K1, waɗanda aka fara ƙirƙira a ƙasar Norwe domin tace ruwan ƙazanta na birane. Ana cika rabin tano da su, a saka iska daga ƙasa su riƙa tafasa kamar wake a tukunya, suna gogar juna suna wanke kansu. Lita 100 daga cikinsu ta wadatar da tafkinmu har da rara. Wanda bai samu ba yana iya yayyanka tiyon roba mai ƙwarya-ƙwarya da masu aikin lantarki suke zura waya a ciki, ko ya tara murafun kwalaben roba, ko soson wanka na raga, sai dai zai buƙaci ninkin wancan adadi ko fiye. Abu ɗaya ne nake roƙon kowa ya nisanta, shi ne gidan sauro. Yana da arha, yana kowane gida, ragarsa kuma tana da kyau, amma wanda ake rabawa an jiƙa shi da maganin sauro irin su deltametirin, kuma ɗan kaɗan daga wannan sinadari yana kashe kifi. Ko ya tsufa, ko an wanke shi, kada ya kusanci tafki.

Iska da wuta

Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, idan ya kai digiri 30 kuwa abin yakan sauka zuwa wajen 7.5, alhali a lokacin ne kifi da bakteriya suka fi buƙatarta. Da dare gansakuka ma takan daina bayarwa ta koma sha. Shi ya sa a bazara, wanda ya leƙa tafkinsa bayan sallar asuba zai iya tarar da manyan kifayen sun taru a inda ruwa yake zubowa, bakunansu a sama suna buɗewa suna rufewa, ba su ko kula da inuwar mutum ba. Manyan ne suke fara mutuwa, waɗanda aka fi kashe wa kuɗi.

Don haka injin iska ba kayan ƙawa ba ne. Mai ba da lita 40 a minti yana cin wajen wat 35, a raba iskarsa tsakanin tafki da gidan bakteriya. Idan kuɗi bai isa a ɗora komai a kan sola ba, shi za a fara ɗorawa. Cikin awa 12 na dare yana cin abin da bai wuce rabin ƙarfin batir mai bolt 12 da amfiya 100 ba, wanda shi ne iyakar abin da ya kamata a zuƙa daga batirin dalma. Injin ruwa mai wat 50 kuma yana cin kilowat-awa 36 a wata idan bai tsaya ba, kuma bai kamata ya tsaya ba. Kashe shi da dare domin rage kuɗin wuta shi ne kuskuren da na fi gani. A duba cewa injin na bolt 220 ne, domin kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na 110 ne, sannan a sa mai aikin lantarki ya haɗa layin da makatsin nan mai yanke wuta da kansa idan ta zurara cikin ruwa, mai miliamfiya 30, saboda yara suna tsoma hannu.

Ita kuwa fitilar UV da ake sakawa a hanyar ruwa, wadda haskenta yake kashe ƙananan gansakukan da suke yawo a ciki, maganin koren ruwa kawai take yi, ba ta taɓa amoniya. Ƙwanta yana rage ƙarfi bayan kamar shekara guda ko da yana ci gaba da haske, sai a canza shi. Rumfar zana a kan rabin tafki tana rage mata aiki, tana kuma rage zafi.

Makonnin farko

Sabon siminti yana sakin sinadarin da yake ɗaga pH, wato ma'aunin da yake nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa, sama da abin da kifi zai jure. Ko dai a cika a zubar sau da dama, wanda a garin nan asara ce, ko a shafe shi da fentin da aka yi domin tankin ruwan sha. Bayan haka sai haƙuri, domin ƙwayoyin suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. A fara da kifi biyu ko uku, a ba su abinci kaɗan, a bar fitilar UV a kashe. Idan akwai wanda tafkinsa ya daɗe kuma kifinsa lafiya lau, a roƙi cikin hannu biyu na robobin matatarsa, a kawo su a jiƙe cikin ruwan tafkinsa, wannan yana gajarta jiran.

A sayi kayan gwajin ruwa na ɗigo-ɗigo tun kafin a sayi kifi. Amoniya za ta fara hawa ta sauka, nitirit ya biyo baya, kuma sai dukkansu sun koma sifili ake ƙara kifi, shi ma kaɗan-kaɗan. Idan nitirit ya hau, a dakatar da abinci, a canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwa, a narkar da gishirin girki tsantsa kilo ɗaya ga kowace lita 1,000, ba kantun dabbobi ba. Gishiri ba ya bin tururi ya fita, saboda haka ba a maimaita shi sai gwargwadon ruwan da aka zubar.

Aikin yau da kullum

Kowace safiya a buɗe makullin ƙasan ɗaki na farko. Da farko wata laka mai duhu ce za ta fito da kauri kamar kunu, da ɗan warin kwata, bayan daƙiƙa goma ko ashirin ta fara sirkewa, da ruwan ya yi haske sai a rufe. Wannan ɗan aiki ya fi kowace na'ura amfani, domin dattin da yake kwance a matata har yanzu a cikin ruwan kifin yake. Burushi ko raga a girgije su sau ɗaya a mako. Gidan bakteriya kuwa ba a taɓa shi sai ya toshe, kuma ko a lokacin da ruwan tafki ake ɗauraye shi sama-sama, rabi yau rabi wani makon.

Na koyi wannan da tsada. Na yi tafiyar kwana biyu zuwa Mirriya na bar wa ɗan ƙanwata tafki, na dawo ya tare ni da murna yana cewa, "Kawu, na ga kayan cikin tanon nan sun yi baƙi suna santsi, na fito da su na wanke tas da ruwan famfo, na shanya su a rana." Ban iya yi masa faɗa ba, domin ni ne ban gaya masa cewa santsin nan mai ruwan ƙasa shi ne matatar ba. Kulorin da ke cikin ruwan famfo da rana sun gama da aikin wata shida, kuma kafin mako ya zagayo na rasa kifi biyu. Duk wanda za a bar wa tafki, mai gadi ne ko yaron gida, a nuna masa tanon da ba a taɓawa.

A kowane mako ana canza kashi ɗaya cikin goma na ruwa, wato lita 900 a tafkinmu, jarka 36 ke nan mai lita 25 idan daga wurin ƴan ga-ruwa za a saya. Wanda wannan ya yi wa nauyi ya rage kifi ko ya rage girman tafki tun kafin a haƙa. Cike gurbin ruwan da rana ta shanye ba canji ba ne, domin ruwa ne kawai ya tashi, nitirat da gishiri suna nan suna ƙara kauri. Ruwan famfo a tara shi a tanki a buɗe, da iska a ciki, ya yi kwana ɗaya ko biyu kafin a zuba, ko a sa masa maganin kashe kulorin. Wanda aka zubar kuma taki ne, zogale da lemun tsami suna son sa, matuƙar ba a sa gishiri ba.

Akwai wata matsala da takan zo wa tafkin da ya daɗe yana tafiya daidai. Bakteriya suna cinye sinadarin kabonet na ruwa yayin aikinsu, kuma shi ne yake riƙe pH a wuri ɗaya. Idan ya ƙare, pH yakan faɗi cikin dare ɗaya, matata ta tsaya, a wayi gari kifi sun lafe a ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza, gwajin da ake kira KH yana nuna abin tun da sauran lokaci. Idan ya sauka ƙasa da 5, giram 30 na bikarbonat a kowace lita 1,000 yana ɗaga shi da maki ɗaya, a riƙa ƙarawa a hankali cikin kwanaki. Kada a ce kanwa za ta maye gurbinsa don tana kusa, domin ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, tana iya cilla pH sama farat ɗaya, kuma dafin amoniya yana ninkuwa kusan sau goma idan pH ya tashi daga 7 zuwa 8.

Da hunturu, ƙura takan sa a riƙa buɗe makullin laka safe da yamma, kuma idan ruwa ya yi sanyi kifi ya rage kuzari sai a rage abinci. Da damina a tabbatar bakin tafki ya ɗara ƙasa tsawo domin kada ruwan tsakar gida ya kwararo ciki. Da bazara a ciyar da sassafe da bayan la'asar, idan ruwa ya haura digiri 30 a rage abincin zuwa rabi. Ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba kuma injin ruwa ya tsaya, kada a ba da abinci ko kaɗan, koi yana yin kwanaki babu ci ba tare da wata illa ba. Idan ta dawo, kafin a kunna inji a sunsuna ɗakunan matata, in an ji warin ruɓaɓɓen ƙwai a zubar da ruwan cikinsu waje tukuna, sannan a yi kwana uku ana gwada amoniya da nitirit kafin a koma ciyarwa kamar da.